KUƊIN AJIYA DA KUƊIN JINGINA: YADDA ZA KA KARƁI NAKA RANAR TASHI



Kowace shekara, daga watan Maris zuwa Mayu, idan an cire alkama kuma tumatir ya ƙare, mutane da yawa a yankinmu sukan tashi daga inda suke. 'Yan ci-rani suna komawa gida kafin ruwa ya sauka. Masu hayar gona suna miƙa fili ga masu shi. Wasu iyalai suna barin ɗakunan da suka kama a Kura ko Bunkure. A daidai wannan lokaci ne wata rigima takan taso. Ɗan haya ya ce, "Ba ni kuɗin da na ajiye a wurinka." Mai gida ya ce, "Ai ka ɓata mini ɗaki," ko kuma, "Ban san da wani kuɗin ajiya ba."

Ga talaka, wannan kuɗi ba ƙarami ba ne. Shi ne kuɗin iri da taki na damina, ko kuɗin makarantar yaro. Saƙon wannan rubutu ɗaya ne: ranar shiga ake shirya ranar fita. Tun ran gini tun ran zane. Wanda ya shiga ba takarda, ba shaidu, ba duba wuri, da wuya ya fita da kuɗinsa cikakke.

Me ya sa haya ta yi yawa a yankinmu?

An gama gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974, a zamanin Gwamna Audu Bako. Daga can ruwa yake gangarowa ta babban kanal zuwa gonakin Bunkure, Kura da Garun Malam. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita ce ke kula da aikin. Lokacin da aka daidaita filayen, an mayar wa manoma mafi yawan ƙasarsu bayan an cire wani kaso domin kanal da hanyoyi. Saboda haka yawancin wanda za ka yi hayar gona a hannunsa mutum ne kamarka, ba hukuma ba.

Ƙasar da take samun ruwa rani da damina tana da daraja. Ta jawo 'yan ƙwadago, masu casar shinkafa a Kura, da fataken tumatir da ke zuwa kasuwar Kwanar Gafan. Duk waɗannan suna neman ɗaki, shago, sito, injin ban ruwa ko gona. Inda masu nema suka yi yawa, mai abu yakan nemi a ajiye masa kuɗi kafin ya ba da makulli.

Ka san sunan kuɗin da ka biya

Rigima da yawa tana farawa ne domin mutum ya miƙa kuɗi a dunƙule, bai tambayi na mene ne ba. Kuɗin iri-iri ne:

1. Kuɗin haya. Shi ne ladan zama a ɗaki ko noma fili na wani lokaci. Ba ya dawowa.

2. La'ada. Ita ce ta dillalin da ya samo maka wurin. Ba ta dawowa, kuma ba mai gida ne ya ci ta ba.

3. Kafin alƙalami. Shi ne abin da ka bayar domin a riƙe maka wuri kafin ka kawo ciko. Ana lissafa shi a cikin kuɗin haya. Ka tambaya tun farko: in na fasa, zai dawo ko ba zai dawo ba?

4. Kuɗin ajiya, wanda a birni ake kira kuɗin koshin. Shi ne abin da mai gida yake riƙewa domin gyaran ɓarnar da za ka iya yi, ko bashin da za ka iya bari. Naka ne. Amana ce a hannunsa. In ba ka yi ɓarna ba, kuma ba a bin ka bashi, zai mayar maka duka.

5. Kuɗin jingina. Kai ka ba mai gona kuɗi, shi ya ba ka gona kana nomawa. Ranar da ya dawo maka da kuɗinka, ka mayar masa da gonarsa.

Na 4 da na 5 su ne masu dawowa, kuma a kansu za mu tsaya.

Ranar shiga: abubuwa huɗu

*Na farko, takarda.* Ba sai an je wurin lauya ba. Fallen takardar littafin makaranta ya isa, in dai an rubuta abin da ya kamata. A rubuta da Hausa, a karanta da ƙarfi kowa ya ji. Wanda bai iya rubutu ba ya dangwala yatsa. A yi guda biyu, kowa ya riƙe ɗaya. Ga misali:

"Ni ........, na karɓi naira ........ daga hannun ........ a matsayin kuɗin ajiya na ɗaki (ko shago, ko gona) da ke ........, yau ranar ........ Wannan kuɗi ba kuɗin haya ba ne. Zan mayar masa cikin kwana ........ bayan ya miƙa mini wurin. Ba zan cire kome ba sai kuɗin gyaran ɓarnar da muka gani tare, da bashin da aka tabbatar yana kansa."

A rubuta yawan kuɗin da lamba da kuma kalmomi, domin kada a ƙara ko a goge sifiri. In ta waya ko ta POS ka tura kuɗin, ka adana shaidar turawar, amma ka sani ita kaɗai ba ta isa ba. Tana nuna kuɗi ya fita, ba ta nuna na mene ne ba.

*Na biyu, shaidu.* A samu aƙalla mutum biyu manya, ɗaya daga wajenka, ɗaya daga wajen mai gida. Idan mai gidan Musulmi ne, kada ka kawo 'yan ikilisiya kawai. Ka nemi wani maƙwabci da shi ma yake girmamawa. A maganar gona, a yi a gaban mai unguwa ko dagaci. Kada ka zaɓi shaidan da zai bar gari da ƙarewar rani.

*Na uku, duba wuri tare.* Gani ya kori ji. Kafin ka shigar da ko tabarma, ku zagaya da mai gida da shaidu. A ɗaki a duba rufin kwano ko yana yoyo, silin, ƙyaure, taga, daɓe, yaɓen bango, masai, da rijiya ko famfo. A rubuta duk abin da aka tarar a lalace. In akwai waya mai kamara, a ɗauki hoto a tura wa mai gida a ranar. In gidan yana da wutar lantarki, a duba takardar KEDCO ta ƙarshe, a rubuta bashin da ka tarar, domin kada a ɗora maka na wanda ya tashi.

A gona a taka iyaka, a duba ƙaramin kanal da magudanar ruwa, a ga ko sun toshe da ciyawa da yashi. A tambaya ko ana bin filin bashin kuɗin ruwa, a kuma tabbatar a wurin shugabannin ƙungiyar masu amfani da ruwa ta sashenku. In inji ka yi haya, a tayar da shi a gaban shaidu ya jawo ruwa, a ƙirga tiyo da bututu.

*Na huɗu, ka tabbatar da wanda ka ba kuɗi.* Ka ba mai gida hannu da hannu. In dillali ko wakili ne ya karɓa, sai mai gida ya tabbatar da bakinsa a gaban shaidu cewa ya sani. Dillali yana iya barin gari. Idan gonar gado ce da ba a raba ba, sauran magada su sani kuma su yarda, in ba haka ba wata rana za su ce ba su ci kuɗinka ba.

Ashe neman takarda ba rashin yarda ba ne?

Wasu suna jin kunyar neman takarda, musamman idan mai gidan ɗan'uwa ne a ikilisiya ko dattijo. Mu duba Irmiya sura 32. Annabi Irmiya ya sayi gona a Anatot daga hannun Hanamel, ɗan'uwansa na jini. Duk da haka ya auna azurfa shekel 17 a ma'auni, ya sa hannu a takarda, ya kira shaidu, ya ba Baruk takardun ya ajiye a tukunyar ƙasa domin su daɗe. Annabin Allah bai ga wannan a matsayin raini ga ɗan'uwansa ba.

Takarda ba domin maƙaryaci kaɗai ake yin ta ba. Mai gaskiya yana mantuwa, kuma yana mutuwa. In mai gida ya rasu, 'ya'yansa ba su san abin da kuka yi ba. In kai ka rasu, matarka da marayunka takardar nan ce za ta yi musu magana. Saboda haka miji ya nuna wa matarsa inda takardar take.

Tsufa daban, ɓarna daban

Kuɗin ajiya ba na sabunta gida ba ne. Fentin da ya koɗe saboda rana, kwanon da ya yi tsatsa, yaɓen da ruwan sama ya zaizaye, duk tsufa ne. Kuɗin haya ya riga ya biya su, gyaransu na mai gida ne. Amma ƙyauren da aka ɓalle, gilashin da yara suka fasa, silin da ya yi baƙi domin an yi girki da itace a cikin ɗaki, daɓen da ya fashe saboda daka a turmi, waɗannan ɓarna ce. Gyaransu na ɗan haya ne.

A gona ma haka ne. Ƙasar da ta ɗan gaji bayan noma ɗaya ba laifinka ba ne. Amma idan ka fasa gefen kanal domin jan ruwa, ko ka toshe magudana, ko ka sare itacen da ka tarar, kai za ka biya.

Yayin zama, in abu ya lalace ka gaya wa mai gida nan take. Kada ka kashe kuɗinka a babban gyara kamar rufi ko haƙa masai da tunanin za a biya ka, sai ya yarda a rubuce. Kuma kada ka ƙi biyan hayar watan ƙarshe ka ce a cire a kuɗin ajiya, sai in kun yi haka da shi. Yin haka yana ba shi hujja a kanka.

Ranar tashi

Ka sanar da wuri. Mai biya wata-wata ya ba da sanarwar wata guda. Mai biya shekara-shekara ya faɗa tun da sauran watanni, ko yadda takardarku ta ce. Sanarwa da wuri tana ba mai gida damar nemo kuɗinka, domin sau da yawa ba mugunta ce take hana shi ba, ya riga ya sa kuɗin a taki ne.

Ka gyara ƙananan abubuwa da kanka, domin zai fi maka sauƙi. Ka share wuri, ka kwashe shara, ka biya kuɗin wuta da na ruwa, ka riƙe rasit. Sannan ka kira shaidun nan na farko, ku zagaya da takardar ranar shiga a hannu. In akwai ɓarna, a kira kafinta ko magini ya faɗi kuɗin gyara a gaban kowa.

Ga misalin lissafi. A ce ka ajiye naira 30,000. An ga ka fasa taga, kafinta ya ce gyara naira 6,000 ne. Akwai sauran kuɗin wuta naira 4,000. Abin da za a cire naira 10,000 ne, naka naira 20,000. Mai gida ba zai riƙe duka domin taga ɗaya ba.

Abin da ya fi kyau shi ne makulli da kuɗi su yi musanya a zama ɗaya. In mai gida ba shi da kuɗin a ranar, ya rubuta adadin da ranar biya, shaidu su sa hannu. Kada ka riƙe makulli bayan wa'adinka ya cika domin ka matsa masa, gama zai iya lissafa maka hayar kwanakin. Ɗan ci-rani da zai koma gida ya fara wannan magana mako biyu kafin tafiya, ba ranar da mota take jira ba. In dole ya tafi, ya gabatar da wakilinsa ga mai gida a gaban shaidu.

Maganar jingina

Jingina takan daɗe shekaru, shi ya sa rigimarta ta fi zafi. A rubuta abubuwa uku. Na ɗaya, mafi ƙarancin lokacin da za ka noma kafin a fanshi gonar. Na biyu, cewa ba za a karɓe ta da amfani a tsaye ba, sai ka girbe. Na uku, duk ƙarin kuɗin da mai gona ya zo ya karɓa daga baya a rubuta shi a takardar nan, da kwanan wata.

Ku tuna kuma darajar naira tana sauka. Bayan cire tallafin man fetur a 2023, kowa ya ga yadda farashin taki da abinci ya tashi. A al'ada, abin da ka bayar shi ake mayar maka, ko da ba ya sayen abin da yake saye a da, domin ka ci amfanin gonar. In kuna son wani tsari daban, ranar farko za a faɗa.

Jingina ba sayarwa ba ce. Kome daɗewa, gonar ta mai ita ce da magadansa. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta kuma ce ƙasar karkara da ake riƙe bisa al'ada ba a jinginar da ita ko a miƙa ta ga wani sai da amincewar ƙaramar hukuma. In kuɗin yana da yawa, bayan dagaci ku nemi shawara a ofishin ƙasa na ƙaramar hukumarku.

Idan an hana ka

Ubangijinmu ya nuna mana matakai a Matiyu sura 18: ka fara zuwa kai kaɗai, sannan da mutum ɗaya ko biyu, sannan a gaban jama'a. Ka je da ladabi, da takardarka, ba da zagi ba. In bai ji ba, ka koma da shaidu. In ɗan ikilisiya ne, a kai wa fasto da dattawa. In ba haka ba, a je wurin mai unguwa, daga nan dagaci, daga nan hakimi. Ka kula da harshenka, kada maganar kuɗi ta koma maganar addini. Bashi ne tsakanin mutum biyu, ba faɗa tsakanin majami'a da masallaci ba.

Kada ka cire ƙyaure ko ka kama akuyar mai gida a madadin kuɗinka. Nan take mai gaskiya zai koma mai laifi. Ofishin 'yan sanda kuma ba wurin karɓar bashi ba ne. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana a kama mutum kawai domin ya saɓa yarjejeniya.

In sulhu ya gagara, akwai kotun majistare. Tun 2019 Jihar Kano ta kafa kotun ƙananan basussuka, inda mutum zai iya shigar da ƙara da kansa ba tare da lauya ba. Ka fara rubuta wa mai gida wasiƙar neman kuɗinka, ka ajiye kwafinta. Amma ka auna kuɗin mota da kwanakin aikin da za ka rasa. Kuma ka sani abin da alƙali zai fara tambaya shi ne takarda da shaidu.

A wasu wurare doka ta yi wa wannan kuɗi tanadi na musamman. Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ta ce a ba ɗan haya rasit na daban a kan kuɗin ajiya. A Ingila, tun 2007, doka ta wajabta wa mai gida ya sa kuɗin a ƙarƙashin wani tsari na kariya da gwamnati ta amince da shi. Darasin shi ne kuɗin ajiya ba na mai gida ba ne. Mu ma za mu iya yin kwatankwacin haka: in ɓangarorin biyu sun yarda, wani amintaccen dattijo ya riƙe kuɗin har ranar tashi.

Ga masu gida da masu gona a cikinmu

Wasunmu su ne masu karɓar kuɗin. Shari'ar Musa ta kula da mai ba da jingina ƙwarai. A Fitowa sura 22 an umarta a mayar wa matalauci mayafinsa kafin rana ta faɗi, domin da shi zai kwana. A Maimaitawar Shari'a sura 24 an hana karɓar dutsen niƙa jingina, domin da shi iyali ke ci. Kuɗin ajiyar ɗan ƙwadago mayafinsa ne. Kada ka cinye shi. Kada ka ƙirƙiro ɓarnar da babu. Kada ka ja masa rai domin ka san baƙo ne, zai gaji ya tafi. Maƙwabta suna kallo, kuma da irin wannan suke auna bangaskiyarmu.

Haka kuma ɗan haya Kirista ya faɗi ɓarnar da ya yi, ko da mai gida bai gani ba.

Abin da ikilisiya za ta iya yi

A zaɓi mutum biyu ko uku masu iya rubutu, har da mace daga zumuntar mata, su riƙa taimaka wa mutane rubuta yarjejeniya kyauta. A kwafi misalin da ke sama a ajiye a majami'a. Sakataren ikilisiya ya buɗe jaka guda ta ajiye kwafin takardun waɗanda suke so, inda gara da ruwa ba za su kai ba. A kula musamman da gwauraye da baƙi, gama su aka fi dannewa. A yi sanarwa a watan Oktoba, kafin a kama gonakin rani, ba a watan Afrilu da rigima ta riga ta taso ba.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. A cikinmu, mutum nawa ne suke da takardar hayar da suke ciki yanzu?
2. Me yake hana mu neman takarda, kuma yaya za mu nema ba tare da ɓata zumunci ba?
3. Wanda ya riga ya shiga ba takarda, wa zai raka shi a wannan mako a rubuta abin da aka yi da baki, tun kowa yana tunawa?
4. Akwai kuɗin wani a hannunmu da ya kamata mu mayar?

Allah ya ba mu ikon riƙe amana, ya sa albarka a aikin hannuwanmu. Amin.